Hannun Hagu a Aji Biyar

Saƙon ya iso makarantar 'yan mata ta Hillat Jibirin ranar Lahadi da safe, ta wayar shugabar makarantar, Ustaza Sakinatu: muwajjih zai zo ranar Talata. Kafin a fita cin fatur, wato karin kumallo, da ƙarfe goma kowa ya ji.

Muwajjih shi ne malamin da kwalejin horon malamai ke turowa ya zauna a bayan aji, ya kalli ɗalibar da ke koyon koyarwa, ya cika takarda, ya sa hannu. Ɗaliba ɗaya ce ke wannan zaman gwaji a makarantar, Muhsina Alamin, 'yar garin, mai shekara ashirin da shida. Wannan ce ziyararsa ta ƙarshe. In ya rubuta ta ci, ta gama kwaleji, sunanta ya shiga jerin waɗanda za a ɗauka aiki bana. In bai rubuta ba, sai ta maimaita zangon a wata makaranta, ta jira baɗi. Yaƙi ya riga ya cinye mata shekara biyu, lokacin da kwalejin da makarantun yankin suka zauna a rufe.

Ranar Litinin Ustaza Sakinatu ta shiga aji biyar da kanta. 'Yan mata arba'in da uku ne a ajin, ƙaramarsu shekara goma, babbarsu sha huɗu. Suka miƙe, suka gaishe ta, suka zauna.

"Gobe muna da baƙo," in ji ta. "Duk tambayar da Ustaza Muhsina ta yi, kowa ta ɗaga hannu. Wadda ta san amsa ta ɗaga dama. Wadda ba ta sani ba ta ɗaga hagu. Ustaza ta san wadda za ta kira. Kada in ga hannu ɗaya a ƙasa."

Ba wadda ta yi mamaki. Yayyensu sun yi haka, wasu ma iyayensu mata sun yi. Muhsina ta yi a wannan ɗakin, a benci na biyu kusa da taga.

Abu ɗaya ne sabo bana. An ƙara wani gida a takardar muwajjih, gidan tafkir naƙdi, wato ɗalibi ya yi tambaya, ya auna abin da aka faɗa masa kafin ya karɓa. Muwajjihin da zai zo, Ustaz Mujtaba, shi ya koyar da fannin a kwaleji. Ya karanto musu matakansa shida daga littafinsa, suka rubuta, suka haddace, suka mayar masa a jarrabawa. Muhsina ce ta zo ta biyu.

Ustaza Sakinatu ta yi wa gidan tanadi. Ta ba Sabah Adam, wadda ta fi kowa Larabci a ajin, wata guntuwar takarda. A minti na ashirin da biyar Sabah za ta miƙe ta ce: "Ustaza, me ya sa shuka ke bukatar ruwa?" Muhsina za ta yaba tambayar, ta mayar wa aji, wata yarinyar da aka shirya ta amsa. Aka gwada sau uku. A na uku Sabah har ta iya ɗan jinkirtawa kamar mai tunani.

Bayan an tashi, su biyu suka rage a ofis. Ustaza Sakinatu ƙawar uwar Muhsina ce tun suna 'yan mata, don haka in ba yara a kusa, Inna take ce mata.

"Inna, in ya gane fa?"

"Ya gane mi? Daga sama ya faɗo? Haka munka yi, haka anka yi muna. Shi yana son takardarshi ta cika, ke kina son hannunshi. Halas, shi ke nan."

"Yaran fa?"

"Yaran su samu malama ɗiyar garinsu. Shekara goma sha tara ina nan. Malamai nawa anka turo muna sunka gudu kafin ruwan farko? Ke ba inda za ki. Ki ci, ki dawo, ki rufe ƙofar ajinki ki yi duk tafkirin da kike so. Minti arba'in ne kawai, ɗiyata."

Muhsina ta tattara kofunan shayi ta fita da su.

Darasin shi ne ban ruwa a Gezira, shafi na arba'in da ɗaya. Littafin ya ce ruwa na tasowa daga madatsa, ya bi babbar magudana, ya rarrabu cikin tur'a, wato ƙananan magudanan da ke bi ta gefen gonaki, daga nan ya shiga kowace hawasha, gonar da aka yanka wa manomi. Ya ce kowace hawasha na samun ruwa sau ɗaya a kwana goma sha huɗu. Yawancin hawashar mutanen Hillat Jibirin a kan tur'a ɗaya suke, a jere, daga bakin gari, inda ruwa ke shigowa, zuwa kudu. Watan Janairu ne, alkama ta kai gwiwa.

Ustaz Mujtaba ya sauka daga raksha, keken haya mai ƙafa uku, da ƙarfe tara da minti goma. Daga garin Hajj Abdalla ya taso. Mutum ne siriri mai furfura, da farar riga da fayil a hammata. Ya ƙi shayi, ya ce sai an gama. Aka kai masa kujerar ofis bayan aji. Ustaza Sakinatu ta tsaya a bakin ƙofa.

Minti goma sha biyu na farko sun tafi yadda aka gwada. Muhsina ta rubuta kwanan wata da sunan darasi a allo. Ta yi tambaya ta farko da Larabci, hannu arba'in da uku suka tashi, ta kira dama. Ta yi ta biyu, ta kira dama. Alƙalamin Ustaz Mujtaba na tafiya.

"Kwana nawa ne tsakanin ban ruwa da ban ruwa a hawasha?"

Hannuwa suka tashi. Muhsina ta duba ajin. Hagu goma sha ɗaya ne, kusan duka a benci biyu na baya. A na ƙarshe akwai Hadizatu Yahya, wadda ta fi kowa tsawo. Tun da yayyenta maza suka tafi neman aiki arewa, ita ke bin babanta gona ranar ruwa, ita ke riƙe fartanya tana buɗe kunya tana rufewa. Duk garin sun san haka. Tana zaune ta ɗaga hagu.

"Hadizatu."

Yarinyar ta miƙe a hankali, hannun na sama. Ta kalle shi, ta kalli Ustaza Sakinatu, sannan ta ce da Hausa, da murya ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji:

"Ustaza, hagu ce."

Wata ta fashe da dariya ta toshe baki da mayafi. Ustaza Sakinatu ba ta motsa ba.

"Na gani," in ji Muhsina, ita ma da Hausa. "Sauke shi. Yaushe kuka yi ban ruwa na ƙarshe?"

"Na littafi ko namu?"

"Naku."

Hadizatu ta yi lissafi da yatsu. "Na ƙarshe shekaranjiya. Na gabanshi ranar da anka yi sunan ɗiyar Yaya Habiba."

"Ranar Juma'a ce," wata ta ce daga gaba.

"Ba Juma'ar da ta wuce ba, wawuya," in ji Hadizatu. "Yarinyar har an yi mata aski ya fara tsirowa."

Aka ja maganar kusan minti biyu, aka daidaita a kan Juma'ar da raksha ta faɗa rami a bakin kasuwa. Suka ƙirga tare da ƙarfi. Kwana ashirin da uku. Muhsina ta rubuta 14 a gefen dama na allo, ta rubuta 23 a gefen hagu.

"Mu kwana tara," in ji Sabah. Ba ta ɗaga hannu ba, kuma ba wannan ne layinta ba.

Muhsina ta ja dogon layi daga wannan bakin allo zuwa wancan. Ta ce wannan ce tur'armu, nan bakin gari, nan kudu. Duk wadda ta san kwanakin hawasharsu ta zo ta rubuta a daidai inda gonar take. Da farko uku suka fito. Da suka koma, sai aka yi layi. Wasu suka yi gardama kan wa ke gaban wa, aka goge aka gyara. Lambobi goma sha tara suka hau allo. A bakin gari tara, goma, goma sha ɗaya. A tsakiya goma sha biyar, goma sha bakwai. Can kudu ashirin, ashirin da uku, ashirin da shida. A cikin na kudun akwai goma guda ɗaya, ita kaɗai.

"Me kuka gani?"

"Na baya ba su samu," in ji wata.

"Wannan goman fa? Ita ma a baya take."

Mai goman, wata ƙaramar yarinya da ba a taɓa jin muryarta a ajin ba, ta ce kawunta yana da injin jan ruwa, yana ja ko tur'a ta yi ƙasa. Muhsina ta sa ta rubuta "inji" a ƙarƙashin lambarta.

"Ustaza, littafi ya yi ƙarya ke nan?"

"Ban sani ba. Yaushe aka rubuta shi? Ku duba."

Littafi tara ne a ajin, kowane benci ɗaya. Kawuna suka haɗu a kansu. Aka gano shekarar a bayan bangon farko, da ƙananan haruffa. An buga shi kafin yaƙi, wasunsu ba su shiga aji ɗaya ba a lokacin. Wata ta ce wataƙila a lokacin haka ne. Wata ta ce kakanta ya ce tun yana saurayi rabon da ruwa ya bi ƙa'ida. Wata kuma ta ce ƙila littafin yana faɗin yadda ya kamata a yi ne, ba yadda ake yi ba. Muhsina ta rubuta duka ukun, ba ta ja layi a ƙarƙashin ko ɗaya ba.

Hadizatu ba ta zauna ba tun da aka kira ta. "Na gaba ke tare ruwan," ta ce. "Buhunan ƙasa suke jerawa cikin tur'a."

Sabah ta juya gaba ɗaya a kan benci. "Babana bai tare ruwan kowa ba! Ciyawa ce ta cika ɓangarenku. Ku shiga ku share, ragwaye."

"Mu ne ragwaye? Ke kin taɓa riƙe fartanya, mai lallen hannu?"

"Ya isa," in ji Muhsina. "Hadizatu, kin ga buhunan da idonki?"

"Baba ya faɗi."

"Kin gani?"

"A'a."

"Sabah, kin je kudu kin ga ciyawar?"

Sabah ta gyara mayafi. "A'a."

"To muna da magana biyu, kuma ba wadda ta ga tata. Me za mu yi mu sani?"

Aka buga ƙarfen tashi. Ba a rubuta taƙaitaccen darasi a allo ba, ba wadda ta kwafi komai a littafin rubutu, kuma tambayar da aka shirya wa Sabah tana nan naɗe a cikin hannun rigarta. 'Yan matan suka fita suna gardama da ƙarfi har tsakar makaranta.

A ofis Ustaz Mujtaba ya karɓi shayin. Ya buɗe fayil ya karanto da Larabci, a hankali, kamar yadda yake karanto darasi a kwaleji. Ba a gama shafin ba. Ba a rubuta taƙaitawa ba. Ɗalibai sun yi minti ashirin da shida suna magana da harshen da ba na koyarwa ba, malama ma haka. Sun yi magana ba izini sau goma sha huɗu. An yi zagi sau biyu. An bar tambaya a buɗe.

"Kafin la'asar iyaye maza na bakin ƙofata," in ji Ustaza Sakinatu. "Maganar buhu! A gaban baƙo!"

"Ustaz, me ka rubuta a gidan tafkir naƙdi?" Muhsina ta tambaya.

"Ban rubuta komai ba tukuna. Matakai shida ne. Ban ga kin bi su a jere ba."

"Ba su zo a jere ba, Ustaz."

Ya dube ta ta saman gilashinsa. Ya rufe fayil ɗin ya ɗora kofi a kai. Da ya sake magana, da Hausa ya yi. Shekara biyu tana zama a ajinsa ba ta taɓa jin kalma ɗaya ta Hausa a bakinsa ba.

"Ɗiyata, ni ma ɗan ƙauye ne, daga wajen Kamlin. Shekara shida ina ɗaga hagu. Kina zaton ban ƙirga hannuwan ba? Goma sha ɗaya ne. Kowane muwajjih ya san abin nan, kowace shugaba ta san mun sani. Ba a dai kira hagu."

Ustaza Sakinatu ta sunkuyar da kai tana gyara bakin tob ɗinta, mayafin da ta lulluɓa da shi.

"Takardar nan ba ni kaɗai ke karanta ta ba," ya ci gaba. "Akwai kwamiti. Gida goma sha biyu ne, kin faɗi biyar a fili. Ba yadda zan yi da su. Amma ranar Alhamis ina da ziyara a ƙauyen gabanku. Zan biyo ta nan. Ki koyar da shafin yadda kuka shirya, yarinyar ta yi tambayarta, ki rubuta taƙaitawa. In yaga wannan, in cika sabuwa. Ba wanda zai ji a kwaleji."

"Ce na gode," in ji Ustaza Sakinatu.

"Na gode, Ustaz. Ka biyo Alhamis, marhaban da kai. Amma aji biyar na da tambayar da ba su gama ba. Ita zan koyar."

"Ba ta cikin manhaja."

"Daga shafi na arba'in da ɗaya ta fito."

"Kuma za ki sake kiran hagu."

"Zan kira duk wadda ta ɗaga hannu."

Ustaza Sakinatu ta buga tafin hannu a kan tebur, kofuna suka yi ƙara. "Shekara guda ce fa, Muhsina! Da biyun da yaƙi ya ci, uku ke nan. Don mi? Don ɗiyar Yahya ta zagi ɗiyar Adam? Uwarki mi zan ce mata?"

"Ki ce mata na faɗi, Inna. Ni ma zan faɗa mata."

"Taurin kan ubanki ne wannan, ba wani tafkir ba."

"Wataƙila. Inna, yarinyar da ke ba alkama ruwa da hannunta ta ɗaga hagu a tambayar ban ruwa. Ranar Alhamis ba zan iya tsayawa in kalle ta tana sake ɗagawa in wuce ta ba."

Ustaz Mujtaba ya ɗauke kofin, ya buɗe fayil. Ya tambaye ta sau ɗaya, da Larabci, ko wannan ce maganarta ta ƙarshe. Ta ce ita ce. Ya rubuta "ta maimaita zango" a gidan ƙasa, ya sa hannu, ya sa kwanan wata, ya juyo mata takardar.

A ƙarƙashin sa hannunsa akwai layi uku da aka ware don bayanin ɗaliba. Yawanci ba a cika su. Muhsina ta ari alƙalaminsa ta rubuta: "Ɗalibai ashirin da bakwai sun yi magana a darasin. Tara daga cikinsu ba su taɓa magana a aji ba tun zuwana." Ta sa hannu.

Ya karanta. Ya mayar da takardar cikin fayil ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Wadda gonarsu ke kusa da ta mai injin, kwana nawa ta ce?"

"Ashirin da shida."

"Alkama ba ta jure ashirin da shida." Ya yi sallama ya fita. Suka ji raksha ta tashi.

Ustaza Sakinatu ta juyo wajen Muhsina. "Tafi gida," ta ce. "Zan ba wata ajinki."

"Takardar kwaleji ta ce zamana a nan sai Alhamis zai ƙare. Yau Talata. Ina da darasi a aji huɗu bayan fatur."

Ustaza Sakinatu ta sunkuya ta jawo kwalin alli daga ƙarƙashin tebur, ta tura shi gabanta da ƙarfi har ya kusa faɗuwa. Muhsina ta ɗauki guda biyu ta fita.